Dandalin Kwamfuta: Idan allo ya fara ƙifta ido, kada mu bar jaki mu doki taiki

 A makon jiya mun yi alkawarin ci gaba da darasin saurin buga rubutu, to amma wasu saƙonni biyu da suka iso mana daga Jihar Kebbi sun sa dole mu jingine wancan zuwa mako mai zuwa. Ɗaya daga Gwandu, ɗaya daga Kalgo, kuma duk kukansu ɗaya ne: allon kwamfuta, wato monita, ya fara ƙifta ido.

Saƙon farko wata ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a wata makarantar sakandare da ke Gwandu ta aiko shi. Ta ce a ɗakin kwamfutarsu guda huɗu ne kacal ke aiki, su kuwa masu shirin rubuta jarrabawar JAMB suna da yawa, sai an bi layi kafin a samu zama. Ana cikin haka sai ɗaya daga cikin huɗun ta fara rawa: hoto ya ɗauke, ya dawo, wani lokaci farin shafi ya koma ruwan ɗorawa. Malaminsu ya kira wani mai gyara a waya, shi kuma ko ganin kwamfutar bai yi ba ya yanke hukunci cewa katin hoto ne ya mutu, sai an sayo sabo. Makaranta ba ta da kuɗin a ƙasa, don haka aka lulluɓe kwamfutar da ƙyalle, huɗu suka koma uku.

Saƙo na biyu daga wani ɗan aji biyar ne a Kalgo. Yayansa yana da shagon buga takardu da zana katin biki da sitika, kuma yawancin masu kawo masa aiki ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ne, wadda mazauninta na dindindin ke nan Kalgo. Da abin da shagon ke kawowa ake biya masa kuɗin makaranta. Yakan taya yayan nasa aiki bayan an tashi, idan babu aiki kuma ya ɗan taɓa wasan ƙwallo a kwamfutar. To ita ma ta fara nata: da safe lafiya lau, amma da rana ta take sai ɗigo-ɗigo masu launi su cika allo, hoto ya tsage, daga baya komai ya tsaya cak. Ya rubuto mana cewa: "Yaya ya ce ni na kashe ta da wasa, yau kwana uku da ƙyar yake amsa gaisuwata. Ku gaya mini gaskiya, ni ne?"

Mun bi matsalolin nan biyu har ƙarshensu, kuma ɗaliban da kansu suka yi yawancin aikin, mu namu tambaya ce kawai. Za mu kawo muku yadda aka yi mataki-mataki, domin ranar da abin ya zo kanku ku san inda za ku fara.

Yadda hoto ke isowa idonmu

Hoton da muke gani a allo ba a tsaye yake ba. Ƙananan ɗigo ne jere a layi, kowane ɗigo yana haɗa launi uku: ja da kore da shuɗi. Allon da aka fi samu a makarantunmu yana da ɗigo 1,366 a kwance da 768 a tsaye. Ku ninka ku gani, za ku samu 1,049,088. Kwamfuta kuma tana sake zana dukkan ɗigon nan sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Saboda saurin ne idonmu ke ɗauka hoton a tsaye yake. Da zarar wani abu ya kawo cikas a wannan aiki, sai ido ya fara kama giɓin, shi ne muke cewa allo yana ƙiftawa.

Abubuwa biyar ne ke da hannu a aikin. Na farko wutar lantarki. Na biyu kebul ɗin da ya taso daga akwatin kwamfuta zuwa allo. Na uku allon kansa. Na huɗu wata manhaja da ake kira direba, wadda ke tafinta tsakanin Windows da na'urar zana hoto. Na biyar ita na'urar zana hoton, wadda a wasu kwamfutoci kati ne mai zaman kansa da 'yar fankarsa, irin na kamfanin Nvidia ko AMD, masu gyara kuma suna ce masa girafik kad.

Kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin nan na iya sa allo ƙiftawa. Amma katin hoto shi ya fi tsada, kuma shi ake fara ɗora wa laifi, wataƙila don sunansa ya fi kama da na babban ciwo. Mu kuwa ga ƙa'idarmu: a fara da abin da bincikensa ba ya cin ko sisi, a bar mai tsada sai ƙarshe. Sannan a riƙa canza abu ɗaya tak a kowane gwaji, kamar yadda malamin kimiyya ke koya mana a ɗakin gwaje-gwaje. Wanda ya canza kebul da allo da soket a lokaci guda, ko matsalar ta tafi bai san wane ne mai laifin ba. A kuma samu takarda a riƙa rubuta abin da aka gwada da abin da aka gani.

Mataki na ɗaya: wuta

Kayan lantarkinmu a Najeriya an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 230. Idan wuta ta zo da rauni, ko tana hawa da sauka, allo na daga cikin masu fara nunawa. Don haka kafin ku taɓa komai, ku ɗaga kai ku dubi ƙwan fitila da fankar ɗaki. Idan su ma suna rage ƙarfi a daidai lokacin da allo ke ƙiftawa, ko kuma duk allunan ɗakin tare suke ƙiftawa, to ba kwamfutar ba ce. Hakan ya fi faruwa idan ana kan ƙaramin janareta sai aka kunna abu mai jan wuta, kamar injin tura ruwa ko firiji ko na'urar kwafin takardu.

Idan allo ɗaya ne kawai ke yi, ku duba soket ɗinsa. Soket ɗin jone mai araha yakan saki baki, fulogi ya riƙa lilo a ciki. Ku cire, ku kai wani soket na bango, ku kuma danna kan wayar wutar da ke shiga bayan allon ta zauna daram. Inda wuta ke yawan hawa da sauka, sitabilaiza ko UPS ya fi sayen sabon allo amfani.

A Gwandu sauran kwamfutoci ukun lafiyarsu ƙalau a kan wuta ɗaya, an kuma canza soket ba a ga canji ba. A Kalgo ma haka. Sai muka wanke wuta daga zargi, muka matsa gaba.

Mataki na biyu: kebul

Yawancin kwamfutocin makarantunmu suna amfani da kebul mai shuɗin kai da noti biyu a gefe. Sunansa VGA, kuma kamfanin IBM ne ya fito da shi tun 1987, wato ya girmi da yawa daga cikin malamanku. A bakinsa akwai allurai har 15 a layi uku. Ukun farko su ke ɗauke da launi: ta ɗaya ja, ta biyu kore, ta uku shuɗi. Idan ta shuɗi ta lanƙwashe ko wayarta ta tsinke a ciki, ja da kore ne kawai ke isa allo, su kuwa idan suka haɗu ruwan ɗorawa suke bayarwa. Idan ta kore ce ta samu matsala, allo ya koma ruwan hoda. Shi kuwa kebul na zamani mai faffaɗan baki, wato HDMI, idan ya fara lalacewa ba ya canza launi haka, sai dai hoto ya ɗauke na daƙiƙa ɗaya ko biyu ya dawo, ko a riƙa ganin ƙananan tartsatsi.

Kun tuna ɗalibar Gwandu ta ce farin shafi na komawa ruwan ɗorawa? Wannan kalmar ita ta ba mu haske. Muka ce ta nemi izinin malaminsu, a kunna kwamfutar, wata ta zauna tana kallon allo, ita kuma ta riƙa motsa kebul ɗin a hankali daga baya. Ko minti biyu ba a yi ba ta kira mu: "Ina taɓa wuyan kebul ɗin sai launin ya canza!" Ashe teburin ne ake turawa jikin bango duk lokacin shara, kebul ya daɗe yana lanƙwashewa a wuri ɗaya har wayar ciki ta gaji. A kusurwar ɗakin akwai matattun kwamfutoci da aka jibge. Aka ciro kebul ɗin ɗaya daga cikinsu, aka ɗaura, aka matse notinsa biyu. Shi ke nan, uku suka koma huɗu, ba a kashe ko kwabo ba.

Ga abin dariyar ma. Da muka ce ta duba inda kebul ɗin yake shiga a bayan akwatin, sai ta ce yana sama ne, kusa da ramukan da ake sa linzami da kibod. Ma'ana kwamfutar ba ta da katin hoto mai zaman kansa ko kaɗan, na'urar zana hotonta a haɗe take da sauran kayan ciki. Wadda ke da kati daban, ramin kebul ɗinta yana can ƙasa, a jere da wasu siraran murafan ƙarfe. Wato dai an kusa tara kuɗi a sayi magajin abin da babu shi tun farko. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

A Kalgo kuwa an canza kebul, ɗigo-ɗigon na nan. Sai mataki na gaba.

Mataki na uku: allon kansa

Akwai gwaji mai sauƙi. Ku cire kebul ɗin hoto gaba ɗaya, ku bar allon a kunne shi kaɗai. Zai nuna ɗan rubutu cewa babu saƙo, ko kuma ku danna maɓallin da ke jikinsa na daidaita haske. Wannan rubutu daga cikin allon yake fitowa, kwamfuta ba ta da hannu a ciki. Idan shi ma yana rawa, to allon ne ba lafiya.

Alamomi biyu sun fi yawa a tsofaffin alluna. Na farko, allo ya yi ta ƙiftawa idan an kunna shi da safe, bayan 'yan mintuna ya natsu. Galibi wasu ƙananan gwangwanaye ne masu ajiye wuta, da ake kira kafasita, suka tsufa suka kumbura. Na biyu, hoto ya bayyana na daƙiƙa biyu ya ɓace alhali 'yar fitilar maɓalli na kunne. Ku kara tocila a jikin gilashin ku duba da kyau. Idan kun hango hoton dishi-dishi, to saƙo na isowa, fitilar da ke haska allon daga baya ce ta mutu. Duka biyun mai gyaran talabijin na iya gyarawa, kuma kuɗin bai kai na sabon allo ba.

Gwajin da ya fi kowanne yanke gardama shi ne musanya. Ku kai allon da ake zargi kan wata kwamfuta, ku kawo lafiyayyen allo kan kwamfutar da ake zargi. Duk wanda ciwon ya bi, shi ne mai shi. A Kalgo babu allo na biyu, sai aka ɗauko talabijin ɗin gida aka haɗa da HDMI. Bayan kamar rabin awa ana aiki, ɗigo-ɗigon suka bayyana a talabijin. Allon shago ya kuɓuta.

Mataki na huɗu: direba da manhajoji

Yanzu saura biyu, kuma nan ma akwai dabarar raba su. Idan aka kunna kwamfuta, kafin Windows ya tashi, akwai 'yan daƙiƙun da tambarin kamfanin da ya ƙera ta ke bayyana. A lokacin direba bai fara aiki ba. Idan tun a nan ana ganin layuka da ɗigo, to ba manhaja ba ce, ƙarfe ne. Idan kuwa nan fes yake, sai an shiga Windows ake fara ƙiftawa, to a fara tuhumar direba.

Kamfanin Microsoft da kansa ya ba da wannan shawara: ku danna Ctrl da Shift da Esc tare, wani akwati mai suna Task Manager zai buɗe. Ku zuba masa ido. Idan komai na ƙiftawa amma shi yana tsaye, to wata manhaja ce da aka sa ke rikici, sai ku tuna wacce aka sa kwanan nan a cire ta. Idan har da shi ake ƙiftawar, an fi zaton direba ne. Wata dabarar ita ce danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da harafin B tare. Allo zai ɗauke na ɗan lokaci, a ji ƙara kaɗan, direban ya sake tashi, ba tare da kun rasa aikin da kuke yi ba.

Idan matsalar ta fara ne bayan kwamfuta ta sabunta kanta, ana iya shiga Device Manager a mayar da tsohon direba, ko a sauko da sabo daga shafin kamfanin da ya yi katin. Kada ku karɓi direba daga filashin da ya zaga gari, ta nan ƙwayar cuta ke shiga. Ku kuma duba cewa saurin sabunta hoto yana kan 60, ko abin da allon ya zo da shi.

A Kalgo an sa sabon direba, babu canji. Sannan yaron ya lura da wani abu mai muhimmanci: da sanyin safiya tambarin farko fes yake fitowa, amma idan kwamfutar ta tsaya da rana aka sake kunna ta nan take, har a jikin tambarin akwai ɗigo. Ciwon da ke zuwa da zafi ya tafi da sanyi, kuma yana nan tun kafin Windows ya tashi. Sai a nan ne muka yarda a ambaci katin hoto.

Mataki na biyar: katin hoto

Alamomin kati mai shirin mutuwa sun bambanta da ƙiftawar kebul. Ana ganin ɗigo ko ƙananan murabba'ai a jere kamar darar da aka zana a ƙasa, ko dogayen layuka masu launi, ko hoto ya miƙe kamar an ja roba. Abin yana tsananta idan ana aiki mai nauyi, kamar wasa ko bidiyo ko babban zane, kuma motsa kebul ba ya canza komai. Sau da yawa allo kan yi baƙi ya dawo da saƙon cewa direba ya daina amsawa.

Babban makashin kati shi ne zafi, mu kuma a yankinmu zafi ba baƙo ba ne. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura 40 a Birnin Kebbi da kewaye, kuma kafin nan hunturu ya riga ya cika kowane lungu da ƙura. Kati mai lafiya yakan tsaya tsakanin 60 da 85 idan yana aiki tuƙuru. Idan ya haura 90, akwai magana. A sababbin Windows, Task Manager na nuna zafin katin, ga kuma wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna GPU-Z. Na Kalgo ya wuce 90 cikin 'yan mintuna.

Yayan ya yarda aka buɗe akwatin a gabansa. Ga yadda ake yi: a kashe, a zare fulogi daga bango, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu, sannan a taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin a taɓa komai a ciki. Wannan tartsatsin da ke tashi daga bargo a daren hunturu ya isa ya kashe na'ura, taɓa ƙarfen shi ke sauke shi daga jikinku. Abin da suka tarar shi ne ƙura ta dunƙule a fankar katin kamar audugar katifa, fankar kuma ko da yatsa da ƙyar take juyawa. A kula, wasu sababbin katuna da gangan suke tsayar da fankarsu sai sun ɗauki zafi, don haka tsayuwar fanka kaɗai ba hujja ba ce. Amma wannan ta ƙage ne.

Aka fita da akwatin waje, aka share da busasshen buroshi mai laushi da abin hura iska, an riƙe fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Ba a sa ruwa, ba a hurawa da baki. Mai gyara a Birnin Kebbi ya canza fankar, ya shafa sabon man da ke kai zafi daga na'urar zuwa ƙarfen sanyaya ta. Zafi ya sauko. Muka yi murna, amma bayan kwana huɗu ɗigo-ɗigon suka dawo. Katin ya daɗe yana dahuwa, ɓarnar ta riga ta shiga ciki.

Gwajin ƙarshe shi ne cire katin ɗungurungum, a mayar da kebul ramin sama. Ba kowace kwamfuta ce ke iya nuna hoto ba tare da kati ba, amma ta shagon ta iya, kuma tun ranar ba a sake ganin ɗigo ko ɗaya ba. Buga takardu na tafiya yadda aka saba, zanen katin biki ya ɗan rage sauri, wasan ƙwallo kuwa sai haƙuri. Shago bai rufe ba, kuma sayen sabon kati zai jira sai an samu sarari.

To yaron ne ya kashe ta? Mun gaya masa gaskiya kamar yadda ya nema. Wasa na sa kati ya yi zafi, kuma yin sa da tsakar rana a shago mai rufin kwano ya ƙara wa wutar fetur. Amma kati mai lafiyayyar fanka don irin wannan aikin aka yi shi. Abin da ya kashe shi ƙura ce, wadda tunda aka sayi kwamfutar ba wanda ya taɓa sharewa. Da yayan ya ga dunƙulen ƙurar a tafin hannunsa bai ce komai ba, sai washegari ya sayo buroshi ya miƙa wa ƙanen, ya ce daga yau sharar kwamfuta ta koma wuyansa.

Masu laftof da maganar gashi

Idan taku laftof ce, ku buɗe murfin ku rufe a hankali kuna kallo. Idan ƙiftawar na canzawa da motsin murfi, siririn kebul ɗin da ya ratsa ta gaɓar murfin ne ya gaji. Ku kuma haɗa ta da talabijin: idan can fes, allonta ne ko kebul ɗinsa. Idan can ma akwai ɗigo, na'urar hoton ce, ita kuwa a yawancin laftof a manne take, ba a cire ta kamar kati.

Wani mai gyara zai ce a kawo ya gasa ta da iska mai zafi. Ku san abin da kuke saya. Na'urar na zaune ne a kan ƙananan ƙwayoyin dalma, kuma yawan zafi da sanyi na sa su tsage. A 2008 kamfanin Nvidia ya amince cewa wasu na'urorinsa na laftof na lalacewa fiye da kima, har ya ware kusan Dala miliyan 200 don gyara da musanya. Gashi kan farfaɗo da irin wannan na'ura na ɗan lokaci, sau da yawa kuma ciwon ya dawo. Idan an gasa ta tashi, ku yi maza ku kwashe takardunku da hotunanku. Haka kuma idan za a saya muku kwamfuta ta hannu, ku bar ta tana nuna bidiyo na aƙalla rabin awa kafin a biya kuɗi.

Kada garin neman gira a rasa ido

Abu biyu ba na ɗalibi ba ne. Kada ku buɗe cikin allo, musamman tsohon nan mai ƙaton ƙeya, domin yana aiki da dubban bolt kuma yana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi. Kada kuma ku kwance ƙaramin akwatin ƙarfen da wayar wuta ke shiga a cikin kwamfuta. Kayan makaranta kuwa ba a taɓa su sai da izinin malami kuma a gabansa.

Kada ku daure ku yi ta karatu a allo mai ƙiftawa. Yana gajiyar da ido, yana sa ciwon kai, kuma ga wasu masu farfaɗiya walƙiyar haske na iya tayar da ciwon. A ranar 16 ga Disamba, 1997, an kai yara sama da 600 asibiti a ƙasar Japan bayan wani shirin katun na Pokémon ya nuna walƙiyar ja da shuɗi a talabijin.

Ga masu shirin JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta: tambayoyi 180 ne a awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Idan allonku ya fara ƙiftawa a ɗakin jarrabawa, duk dabarun da muka koya yau ku ajiye su. Kada ku taɓa kebul, kada ku kashe kwamfuta. Ku ɗaga hannu nan take ku sanar da mai sa ido.

Aikin wannan mako

Ku nemi izinin malami ku leƙa bayan kwamfuta ɗaya a makarantarku. Wane irin kebul ne da ita? A ramin sama yake ko na ƙasa? Tsakaninta da bango akwai tazarar da iska za ta wuce? Sannan ku lissafa mana: allo mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, ɗigo nawa ake zanawa a kansa cikin daƙiƙa ɗaya idan yana sabuntawa sau 60? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku, za mu buga sunayen waɗanda suka dace.

Muna gaida 'yan ajin ƙarshe na Gwandu da suka ceto kwamfutarsu da hannunsu, da sabon sarkin shara na Kalgo. Sai mako mai zuwa, inda za mu koma kan saurin buga rubutu. Mu kwana nan.